Ƙafar Tela

Shekara ashirin da shida ƙafar nan ta dama
tana taka keken ɗinki a Fagge,
ba ta taɓa ce mini ta gaji ba.
Sai ga ta a Dala an kwantar da ita,
an tsaga, an gyara ƙashi, an ɗinke.
Da na farfaɗo na nemi ganin ɗinkin,
na ce wa likita, "Hannunki da kyau,
amma da ni ne, da na ƙara matse bakin."
Ta yi dariya, ta rubuta takarda:
biyu da safe, biyu da dare, bayan an ci abinci,
mai ƙarfin kuwa, sai in abin ya ci tura.

Na dawo gida a bayan adaidaita,
kowane ramin titi sai da ya gaishe ni.

Kafin la'asar ɗakina ya koma kasuwar Kurmi.
Goggo Balaraba ta zo da man kaɗanya
da kurkur, da wata saiwa a ƙullin leda,
ta ce da ita kakanmu ya warke daga harbin doki.
Malam Sidi maƙwabci ya kawo 'yar kwalba
ba ta kai ɗan yatsa ba, daga Sabon Gari,
'yan ƙwayoyi farare kamar tsabar gero.
"Biyar a ƙarƙashin harshe, kada hannu ya taɓa.
An tsarma shi sau ɗari, an sake tsarmawa,
wai iya yawan ruwan, iya ƙarfinsa."
Na ce, "Malam, haka mai shayin bakin layinmu
yake yi wa madara, ba mu taɓa yaba masa ba."

Amma na karɓa. Na tsotsa. Akwai zaƙi.
Ba don na yarda ba,
don ina tsoron ɗayar ne.

Tasi'u nake tunawa, yarona na shago,
wanda ya fi ni iya fitar da wuyan riga.
Ciwon baya ne, wani ya ba shi ƙwaya ɗaya,
ɗayar ta kira ƙanwarta, ƙanwar ta kira dangi.
Yau yana ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa
yana ɗinka iska da allura babu zare.
In na wuce, ba ya gane ni.

Dare na uku, wajen ƙarfe biyu,
an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
ƙafar ta fara nata ɗinkin,
allura na shiga na fita
tun daga diddige har tsakar ka.
Na tsotsi geron Malam Sidi har goma sha biyar.
Man Goggo na kan taga, an hana shi kusantar rauni.
Na ciji matashi, na karanta abin da na iya.
Shamsiyya ta kunna fitilar waya,
ta ɓallo ƙwayar, ta miƙo kofin ruwa,
ta ce, "Wannan ba jarumta ba ce.
Kwana biyar aka ce, ni zan riƙe katin,
ni zan ƙirga, ran da ya ƙare ya ƙare."
Na haɗiye, Tasi'u na tsaye a maƙogwarona.
Kafin kiran assalatu barci ya sace ni.

Da safe Malam Sidi ya leƙo: "Ka ga aikin kwalba?"
Goggo ta aiko yaro, wai ko saiwar ce.
Na ce kowa ya taimaka, Allah ya saka.
Ban yi ƙarya duka ba:
kwalbar ta samar wa harshena abin yi,
saiwar ta kawo mini Goggo tun daga Gwammaja
bayan shekara biyu ba ma magana.
Wadda ta ba ni barci, ban ambace ta ba.

Yau kwana goma sha ɗaya.
Katin ya ƙare, a gabana aka jefa shi a shara,
na bi shi da ido fiye da yadda nake so.
Shaddodin mutane na jibge a shago, ga Sallah tafe.
Man kaɗanya na jiran ranar cire zare.
Ɗazu na ga babban yatsa cikin bandeji
yana sama, yana ƙasa,
yana taka keken da ba ya nan.
Na ce masa, yi haƙuri, ba shago za mu fara ba,
in ka iya takawa, akwai wata gada.